Ruwan Inabin da Bai Iso Hindawiyya Ba

Tun da na dawo daga Italiya bakina bai huta ba. Ko a shagon gahawa na bakin titi na zauna, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, sai wani ya matso ya ce, "Sale, wai yaya ƙasar Turawan nan take?" Na ba da labarin jirgin ruwa har na gaji, na ba da na taliya har yara sun haddace suna riga ni faɗa. Amma akwai wani yanki da kullum nake tsallakewa, saboda a lokacin Goggo Ladi tana da rai, magana kuwa a unguwarmu Hindawiyya ba ta tsayawa inda aka yi ta. Yanzu Allah ya karɓi abarsa. Zan faɗi labarin gaba ɗaya, daga nan don Allah a ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni samkari ne, wato mai like gwangwani da dalma. A nan Makka aka haife ni, a nan na koyi sana'ar. Idan hajji ya zo, aikina shi ne in cika gwangwanaye da ruwan Zamzam, in toshe bakinsu, alhazai su tafi da su. Mutumin Jawa ya kai nasa Jawa, mutumin Kano ya kai nasa Kano bayan watanni a hanya, ya fasa ya tarar da ruwan yadda aka zuba shi. Ban taɓa jin an dawo an ce likin Sale ya yi yoyo ba. Ina taƙama da wannan ƙwarai, har abokaina kan ce bakina ne kaɗai ya gagare ni likewa.

Goggo Ladi ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tana yarinya suka taso daga Kano da ƙafa, ita da yayanta, ta Chadi da Sudan, suka ƙetaro teku, ba ta sake komawa ba. Abin sha take sayarwa a ƙofar gida, zobo da sobiya da kunun tsamiya da ruwan zabibi. Sai dai ba a sayen abin shanta yadda aka ga dama. Sai ta tambaye ka me za ka ci da shi. In tsire ne, zobo za ta ba ka mai ɗan citta. In sambusa ce, sobiya. In ka ce da kunun tsamiya za ka kora shinkafa da kifi, sai ta janye ludayinta ta ce ka je ka ɓata cikinka a wani wuri. Idanunta sun yi rauni a shekarun ƙarshe, amma hancinta da harshenta ba su tsufa ba. Duk baƙon da ya sauka a unguwa, Baturke ne ko mutumin Hindu, sai ta sa an tambayo mata me suke sha a garinsu, kuma da me suke haɗa shi.

Tafiyar ta samo asali ne daga Ammi Siraj, wani attajiri da nake yi wa ƙananan gyare-gyare. Ya ƙudurta zai buɗe wurin cika kazoza, lemon kwalba mai gas, an kuma kwatanta masa wani gida a arewacin Italiya da ke son sayar da tsohon injin cika kwalba. Yana neman wanda zai ga yadda ake kwance injin da yadda ake ɗaura shi, ya kuma dafa masa abin da ya yarda da shi a hanya. Ya ce mini, "Ya Saleh, hannunka ya san ƙarfe, kuma ba ka da surutu." Rabin maganarsa gaskiya ne.

Ranar da zan tashi kowa ya kawo saƙon tsaraba, wannan agogo, wancan takalmi, kai ka ce jirgin nawa ne. Goggo ta bari sai da aka watse, sannan ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Ɗan nan, ni ba na son zane, ba na son turare. Abin da suke sha a can za ka kawo mini, in ji shi a bakina kafin in mutu."

Na ce, "Goggo, ai mutanen nan giya suke sha."

"Kai, rufe mini baki. Ƙasa guda sukutum a rasa abu ɗaya na halal mai daɗi? Ka nemo. Kuma ka tambayi abin da suke ci da shi, kada ka dawo mini da rabin magana."

Na yi mata alkawari. Tunda nake da ita ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Bayan alhazai sun daɗe da watsewa muka sauka Jidda. Aka yi mana allura a damtse, aka buga hatimi a fasfo, muka hau jirgin ruwa mai zuwa Jenowa. A lokacin ba a rufe mashigin Suwez ba. Ni da na girma tsakanin duwatsu, ranar farko ban iya ɗaga kai ba, amai kawai nake yi. Ammi Siraj da ya ɗauko ni in yi masa hidima, shi ya koma yana kawo mini shayi yana tsaki. Da na farfaɗo kuma sai ga wata matsala da ban taɓa kawowa a rai ba. Azahar ta yi, na shimfiɗa sallaya, na tsaya ban san inda zan fuskanta ba. Mutumin Makka bai saba tambayar alƙibla ba, mu ake tambaya. Wani Basudane ɗan kasuwa ne ya juya mini sallayar, yana dariya har da riƙe ciki.

Abincin jirgi taliya ne rana da dare. Na yi murna da ganinta don mun san ta a gida, sai na ji ba ta nuna ba. Na ɗauki farantina na kai wa mai dafawa, na nuna masa a ƙara wuta. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ashe haka suke son ta, da sauran ƙarfinta a haƙori. Nama kuwa ba mu taɓa ba, tunda ba mu san wanda ya yanka ba, ba mu ma san naman mene ne ba. Ƙwai da burodi da cuku suka riƙe mu har muka iso.

A Jenowa ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatina, ya tarar da ƙarfen liki da sandunan dalma da ƙullin yajin tsire da Goggo ta daka mini. Ƙarfen bai dame shi ba. A kan yajin ya tsaya, ya kira wani, wanin ya kira wani. Babu yaren da ya haɗa mu. Sai na dangwala na lasa, na miƙa masa. Shi kuwa ya dangwalo da yawa. Ya yi ta atishawa hawaye na zuba, abokansa suna sheƙa dariya, ya ja alli a kan akwatin ya yi mana hannu mu wuce.

Daga nan jirgin ƙasa muka shiga, ya yi ta kutsawa cikin ramukan duwatsu har ya sauke mu a wani ƙaramin gari kusa da Asti. Tuddai ne ko'ina, kowane tudu an jera masa inabi, kuma lokacin tsinka muka tarar. Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne da mijinta ya rasu. Akwai gicciye a saman gado. Ammi Siraj ya roƙe ta da ishara, ta sauke shi, ta sumbace shi, ta tafi da shi ɗakinta ba tare da ta ɓata rai ba. A banɗaki muka ga wani ɗan kwanon tangaran a ƙasa da famfonsa, daidai tsayin wanke ƙafa. Ammi Siraj ya ce, "Masha Allah, mutanen nan ba sa salla amma sun tanadi wurin alwala." Mun daɗe muna wanke ƙafa a ciki kafin a gaya mana cewa na tsarki ne. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma na yi kamar ban ji ba.

Mai injin sunansa Sinyor Karlo, tsoho ne gajere mai jar fuska. Ya yi shekaru a Tarabulus yana saurayi, don haka yana da Larabci, gurgu ne amma yana tafiya. Gidansu gidan yin giya ne tun kakanni, irin mai kumfar nan da suke kira sipumante. Ammi Siraj ya san haka tun daga gida, ya kuma tambayi malami an ce masa ƙarfe in an wanke shi ya tsarkaka. Kullum ina tare da ma'aikata muna kwance injin, ina sa wa kowane ƙarfe alama da fenti don kada in ruɗe a Makka.

Wata rana Karlo ya sauka da ni wani dogon ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mai sanyi kamar cikin randa. Kwalabe ne jere iya ganinka, masu kauri, an ɗaure murfin kowace da waya. Na tambaye shi dalilin wayar. Ya ɗaga haɓarsa ya nuna mini wani tabo, ya ce kwalba ce ta fashe masa yana matashi.

Ya ce, "Abin da ke ciki yana da rai. Yana numfashi. In ka rufe shi, sai ya nemi hanya."

Na gyaɗa kai don ladabi. A raina kuwa cewa na yi ai gilashi ne, dole ya fashe.

Ranar Lahadi Karlo ya gayyace mu cin abinci. Matarsa, Sinyora Roza, ta ba ni kaji tun da safe na yanka da hannuna. Mu a gida ajiye tire ake yi, a yi bismilla, a ci, a tashi. Su kuwa zama suke yi kamar an kira taron unguwa, a kawo wannan a ɗauke, a kawo wancan, ana surutu da baki da hannu, mata da maza wuri ɗaya. Ammi Siraj ya riga ya gaya wa Karlo cewa ba ma zama a teburin da ake sha. Ya yarda, amma na ga abin ya sosa masa rai, don a wurinsu baƙon da ba a buɗe wa kwalba ba kamar ba a karɓe shi ba ne. Sai da muka tashi muka koma gindin wata bishiya sannan 'ya'yansa suka buɗe tasu. Murfin ya yi wata ƙara, na zabura na laɓe bayan Ammi Siraj, a zatona bindiga ce. Na hango abin a kofi, ruwan ɗorawa mai haske, kumfa tana ta tasowa daga ƙasa. Ban sha ba, Allah ya sani, amma iska ta kawo mini ƙamshin, hanci kuwa ba ya neman izinin kowa.

Nan na tuna saƙon Goggo, na tambayi Karlo da me suke cin wannan abu. Tsohon nan ya bar teburinsa, ya zo ya zauna kusa da ni a ƙasa.

Ya ce, "Ba da nama mai romo ba. Haram!" A Tarabulus ya tsinci kalmar, kuma duk abin da bai so ba ita yake jefa masa.

Ya bayyana mini cewa nasu mai zaƙi ne marar nauyi, in aka haɗa shi da miya mai ƙarfi sai miyar ta danne shi. Abokinsa wani kek ne da Roza take gasawa da bunduƙ, gyaɗar nan ta bishiya. Ko a raba hoh biyu a gasa, ɗan itacen nan mai zaƙi da ƙwallo ɗaya a ciki, irin wanda ake kawo mana daga Ɗa'if. Ko burodin sallarsu mai zabibi a ciki. In kuma mutum ba ya son zaƙi kan zaƙi, sai ya nemi tsohon cuku mai gishiri, gishirin ya tayar da zaƙin, kumfar ta wanke maiƙon daga baki. Yana magana yana girgiza yatsa, yana hararar wani ɗansa da ya gani da yankan nama a hannu. Na ce a raina wannan ai Goggo ce aka mayar namiji aka sa mata hula. Na ba shi labarinta duka, da ludayinta da alkawarin da na yi. Sai ya ce gobe da sassafe mu same shi a wurin matsa.

Da safe aka shigo da kwandunan inabi daga tudu, ƙanana masu ruwan zinariya, sunansu muskato. A kan idonmu aka zuba su a matsa, ruwan ya gangaro, Karlo ya tara a kofi ya miƙo mini.

Ya ce, "Daga wannan muke yin wancan. Amma wannan bai kwana ba, ko limaminku zai sha."

Ammi Siraj ya leƙa, ya sansana, ya ce, "Ɗayyib, bismilla."

Na sha kurɓa ɗaya na tsaya. Ƙamshin ne ya fara isowa, kamar ka wuce ta gindin lemo yana fure. Sai hoh nunanne, sai zuma kaɗan wadda ba ta kama maƙogwaro. A ƙarshe wani ɗan tsami siriri ya bi ya share bakin, har ka ji kana son ka sake. Roza ta kawo yankan kek ɗin nan na bunduƙ, na gutsura na kora, sai kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa daɗi. Na yi farin ciki don na samo abin da aka aiko ni. Na kuma ji haushi ƙwarai cewa ni ne tsaye a wurin da kofi a hannu, ba Goggo ba.

Na gaya wa Karlo cewa wannan zan kai Makka. Ya girgiza kai, ya ce ba zai kai ba, cikin 'yan kwanaki zai farka ya fara zama abin da ba ma sha. Hanya ɗaya ce, a tafasa shi. Roza ta tafasa kaɗan, muka bari ya huce, na ɗanɗana. Zaƙin yana nan, amma furen lemon ya tafi, hoh ɗin ma ya tafi. Ya koma ruwan zabibi irin na kowa, wanda Goggo take yin wanda ya fi shi ido rufe. Na ce ba zan ƙetare teku in kai mata wannan ba.

Ni ma ai na san ruwan zabibi yana juyawa in ya daɗe. Amma abin da na taso da shi a sana'a shi ne iska ce take ɓata abu, in ka hana iska shiga ka gama. Na samo sababbin gwangwanaye irin na man zaitun, na wanke su da ruwan zafi. Ranar da za mu tashi na cika su fal da matsar safiyar, ban bar wa iska ko wurin tsayawa ba, na like su da dalmata, likin da ban taɓa yi wa wani alhaji irinsa ba. Karlo yana tsaye a kaina.

Na ce masa, "A garinmu ruwa yana shekara a gwangwanina."

Ya ce, "Wannan ba ruwa ba ne, ya habibi."

Na dubi Ammi Siraj. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ni na san aikina. Roza ta naɗe mini kek guda a takarda, Karlo ya rungume ni ya sumbace ni a kumatu biyu, ya ce in gaishe masa da tsohuwa. Na jera gwangwanayen a ƙasan akwati, na danne su da tufafina da tsarabar mutane.

Tun kafin mu kai Bur Sa'id, bakin mashigin Suwez, na ga sun fara kumbura. Na ce zafi ne. Na roƙi wuta a ɗakin girki na ƙara wa gefunansu dalma, ina yaudarar kaina. Da muka fito daga Suwez muka shiga Bahar Maliya, zafin ya zama na gaske, gwangwanayen suka yi ciki kamar tulu. Wata rana bayan azahar muna kwance a ɗaki sai muka ji ƙara daga cikin akwatin. Na buɗe, kumfa tana ta ɓulɓulowa, ta jiƙa komai. Warin da ya cika ɗakin kuwa na san shi, shi ne ƙamshin da iska ta kawo mini a gindin bishiya, sai dai ya yi tsami. Likina bai saki ba. Gwangwanin ne ya tsage daga tsakiya.

Ammi Siraj ya tashi zaune, fuskarsa ta yi fari. Ya ce, "Ya Saleh, giya ce a akwatinka, ga Jidda a gabanmu. Ka san abin da ake yi wa mutum a kan wannan?"

Na sani sarai. Na zuba sauran a buhu na nufi bayan jirgi. Wani matuƙi ya biyo ni, ya gane abin da ke ciki, yana ta nuna mini da hannu in ba shi. Na hana, don abin da ba zan sha ba ba zan shayar ba. Na riƙa jefa su ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka ba, amma ban iya cin abinci ba ranar nan. Kek ɗin ya jiƙe shi ma ya bi su. Na wanke tufafi da sallaya har hannuna ya yi ja, akwatin kuwa ya ƙi sakin warin, shi ma na tura shi teku. Da buhu na sauka Jidda. Ma'aikacin kwastan ya dube ni ya ce, "Daga Italiya, da buhu?" Na ce masa haka Allah ya so.

Da na iso Hindawiyya na tarar Goggo ta wanke ƙananan kofunanta na baƙi ta jera a tire, ta kuma gaya wa maƙwabta cewa ɗanta yana tafe da abin shan Turawa na halal. Na bari aka gama barka da zuwa aka watse, na durƙusa a gabanta na faɗa mata abin da ya faru, ban rage komai ba. 

Ta ce, "Ka yi daidai da ka zubar. To tunda hannu bai kawo ba, baki ya kawo. Faɗa mini yadda yake."

Na faɗa mata furen lemo da hoh da zuma da ɗan tsamin ƙarshe. Na faɗa mata kek da cuku mai gishiri da tsohon da ke cewa haram. Ta yi dariya ta ce wannan mutum ya san abin da yake yi, da Musulmi ne da sun daidaita.

Washegari ta sa aka nemo mata inabin Ɗa'if. Ta matse, ta ɗiga ruwan furen lemo, ta murza hoh ta tace, ta aiko a kira ni daga shago. Na ɗanɗana na ce ya yi daɗi, amma ba shi ba ne. Ta tambayi me ya rage. Na ce ƙamshin ya yi ƙarfi, na can ba ya ihu haka. Ta tafa hannu ta ce ta gane. Haka muka yi ta yi makonni. Yau ta rage zuma, gobe ta sanyaya a randa, jibi ta canza inabi. Tana tashi tun asuba tana 'yan waƙe-waƙenta, tana faɗa da masu kawo kaya daga Ɗa'if a kan sun ba ta na jiya. Ko da na ce mata da saura, ba ta ɓata rai, sai ta ce, "Bari dai, ɗan nan, zan kamo shi."

Sai wata rana ta lalubi tukunya ta kifar da ruwan zafi a hannunta. Maƙwabciyarmu, Inna Asabe, ta tare ni a ƙofa ta wanke ni tas.

Ta ce, "Kai wane irin ɗa ne? Tsohuwa ba ta gani, ka bar ta tana wahala a kan ruwan inabi. Ka ce mata ya yi mana, ta huta. Wa zai ƙaryata ka?"

Na ga maganarta da hanya. Hannun Goggo ya tashi ya yi ruwa, tausayinta ya kama ni.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ta sake aikowa. Ta miƙo mini kofi da hannun da aka naɗe da tsumma. Na kurɓa. Zuma ta yi yawa, ɗan tsamin nan babu shi, bai ma kai na makon da ya wuce ba.

Na ce, "Shi ne, Goggo. Kin kamo shi."

Ta karɓi kofin daga hannuna, ta sansana, ta kurɓa, ta riƙe a baki ta daɗe kafin ta haɗiye.

Ta ce, "Wannan?"

Na ce, "Shi."

"Ikon Allah. Ashe abin ke nan." Ta ajiye kofin a hankali. "Ni da na zaci wani abu ne. Wannan ai ko zobona ya fi shi. Ma'alesh, ɗan nan, wahalar banza na sa ka."

Ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri tana shafa kaina. Ta sa aka raba wa maƙwabta sauran inabin, ta rataye matacinta a ƙusa, ba ta sake sauke shi ba. Hannun ya warke, amma ta daina tashi da asuba don wani gwaji, ta koma zaman ƙofa da ludayinta shiru. Ta rasu kafin hajji ya zagayo.

Ba gwangwanayen ne suke damuna ba, waɗannan teku ta cinye su. Goggo ta tafi tana ganin ta sha abin da na sha, tana kuma ganin ba wani abu ba ne. Da na ce mata da saura, da washegari ta tashi ta sake gwadawa.